Mako Biyu Kacal: Wace Hanya Za Ka Bi Don Gwada Ƙuruciya da Kamuwa da Ƙwaya a Jikin Ɓera?

Kusan duk shekara sai an samu ɗalibin digiri na biyu a sashen ilimin magunguna ko na ilimin aikin jiki da zai zo da wannan tambaya: me ya sa yaron da ya fara shan ƙwaya yana ɗan shekara 14 ya fi wuyar rabuwa da ita a kan wanda ya fara bayan ya haura 25? Ƙwaƙwalwarsa ce ba ta gama nuna ba, ko kuwa abokai ne da talauci da rashin mai tsawatarwa? A jikin mutum ba za ka iya raba waɗannan ba, domin babu wanda zai yarda a ɗebi yara a ba su hodar iblis don a ga abin da zai biyo baya. Shi ya sa ake komawa ga farin ɓera, wanda kai ne ka san ranar da aka haife shi, ka san abin da ya ci, ka san da wa ya kwana.

Tambayar ta shafe mu kai tsaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma tun 2011 hukumar NDLEA ta fara gano wuraren dafa metamfetamin a cikin ƙasar. Amma wannan rubutu na wanda ya riga ya yanke shawarar yin gwajin ne, ya tsaya tsakanin hanyoyi huɗu bai san wadda zai kama ba, ga kuɗi kaɗan, ga malamin da ke duba aikinsa yana jiran takardar tsari.

Kafin komai, san tagar da kake aiki a cikinta

Ana yaye ɗan ɓera a kwana na 21. Linda Spear, a nazarinta na shekarar 2000 da har yau ake kafa hujja da shi, ta ɗauki kwana na 28 zuwa na 42 a matsayin tsakiyar tashen balagar ɓera, ko da yake a jikin namiji alamun kan ja har wajen kwana na 55 ko 60. A wannan tsakani ne ɓera ke yawan wasa da 'yan'uwansa, yana kutsa kai duk inda ya ga sabon abu. A cikin ƙwaƙwalwarsa kuma, masu karɓar saƙon dofamin, sinadarin da ke sa a ji ɗokin neman abu, a yankin da ke kula da lada da motsi suna ƙaruwa har su kai ƙololuwa wajen kwana na 40, daga nan jiki ya soma rage su. Hodar iblis da amfetamin da metamfetamin duk ta kan dofamin ɗin nan suke bi.

Ma'ana, abin da ke ɗaukar ɗan Adam shekara bakwai ko takwas, ɓera a mako biyu zuwa huɗu yake gama shi. Duk hanyar da za ka zaɓa, ka fara da tambayar ko za ta shiga cikin wannan taga. Na ga aikin da aka kashe wa kuɗi, aka rubuta masa "matasan ɓeraye" a take, alhali lokacin da aka zo ainihin gwajin ɓerayen sun riga sun zama manya.

Ma'aunin da zan bi guda biyar ne: wace tambaya hanyar ke amsawa da gaske, kwana nawa take ci, nawa take ci a aljihu, yaya juriyar kayan aikin da sauƙin koyonsu, sai haɗarin da ke cikinta ga dabbar da kuma ga sakamakon.

Hanya ta farko: ɓera ya ba kansa da kansa

Wannan ita ce uwar hanyoyin. James Weeks ne ya fito da ita a jikin ɓera a 1962. Ana yi wa dabbar tiyata, a zura siririn tiyo a jijiyar wuyanta, a fito da bakinsa ta gadon baya. A cikin akwatin gwaji akwai maɓalli. Idan ɓeran ya danna, famfo ya tura masa ɗigon ƙwaya cikin jini. Ba kai kake ba shi ba, shi ke nema, kuma nan ne darajarta take. Za ka iya ƙirga sau nawa ya sha, ka ƙara masa wahala ta yadda sai ya danna sau 10, sau 50, sau 200 kafin ya samu, ka ga inda zai haƙura. Za ka iya janye ƙwayar na wata guda ka ga ko zai dawo yana nema.

Manyan abubuwan da aka gano a wannan fanni ta nan suka fito. A 1998 Serge Ahmed da George Koob sun nuna cewa ɓeran da aka ba damar shan hodar iblis awa ɗaya a rana shansa ba ya ƙaruwa, wanda aka ba awa shida kuwa kullum sai ya ƙara. A 2004 tawagar Pier Vincenzo Piazza a Bodo ta Faransa ta nuna cewa bayan watanni ana sha, kaso kaɗan ne na ɓerayen, ƙasa da ɗaya cikin biyar, ke ci gaba da nema ko da ana haɗa musu da ɗan jan lantarki a ƙafa. A kan batun shekaru kuma, ɗakin binciken Michela Marinelli ya wallafa a 2013 cewa matasan ɓeraye sun fi manya saurin kama hodar iblis, sun fi ƙara yawan sha, kuma ƙarin wahala bai cika hana su ba. Sai dai a ɗakin binciken Kyle Frantz da ke Atlanta an samu wani abu daban: matasa da manya sun sha kusan daidai, kuma bayan an janye ƙwayar, waɗanda suka fara da ƙuruciya ba su kai manya zafin komawa nema ba. Duka biyun aiki ne mai kyau. Bambancin yawan ƙwayar, da ranar da aka fara, da tsawon zama a akwati, su ke juya sakamakon, kuma ya kamata ka san haka kafin ka rubuta abin da kake tsammanin samu.

Yanzu ga wahalar. Ɗan ɓera mai kwana 25 a tafin hannunka zai zauna, nauyinsa bai kai giram 100 ba, jijiyar wuyansa kamar zaren ɗinki. Hannun da bai saba ba zai yaga ta. Idan tiyatar ta yi kyau, sai ka ba shi kwana huɗu zuwa bakwai ya warke, sannan ya koyi danna maɓalli, abin da kan ci mako guda ko fiye. Ka lissafa da kanka ka ga abin da ya rage na tagar. Ga shi kuma yana girma kullum, tiyon da ya yi masa daidai yau zai iya zamewa bayan kwana goma. Kowace rana sai an wanke tiyon da ruwan gishiri mai maganin hana daskarewar jini, in ba haka ba ya toshe, ɓeran ya fita daga lissafi. Sau da yawa ana raba masu tiyo kowa da kejinsa don kada su cinye na juna, alhali kaɗaici a lokacin tashen balaga shi kansa yana canja ƙwaƙwalwa.

Kuɗi kuwa, akwati ɗaya da famfonsa da na'urar da ke haɗa shi da kwamfuta dubban daloli ne, kuma da akwati ɗaya ba a yin aiki. Kayan suna da ƙarko, sukan yi shekaru, amma idan wani abu ya lalace daga waje za a yi odarsa. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar zaman awa shida, bayanan ranar sun tafi. Wanda ba shi da inbata mai ƙarfi da wanda zai koya masa tiyata hannu da hannu, ina ba shi shawara ya dakata.

Hanya ta biyu: akwati mai ɗaki biyu

A nan babu tiyata. Akwati ne aka raba biyu, ɗaki ɗaya bangonsa baƙi da daɓe mai santsi, ɗayan mai zane-zane da daɓen raga. Ranar farko ka bar ɓeran ya zaga ko'ina na minti 15, ka rubuta inda ya fi zama. Daga nan, yau ka yi masa allurar ƙwaya ka rufe shi a ɗaki ɗaya na kamar rabin awa, gobe allurar ruwan gishiri a ɗayan, haka har kwana shida ko takwas. Ranar ƙarshe ba allura, ka buɗe ƙofa ka zuba ido. Idan ya tare a ɗakin da ya sha ƙwaya, to ya ji daɗinta kuma ya riƙe wurin a ransa.

Duka aikin kwana goma ne. Ka fara a kwana na 30, ka gama a na 40, ba ka fita daga tagar ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa na fi karkata gare ta ga ɗalibin da ke aiki a jami'o'inmu. Kafinta zai haɗa maka akwatin da katako ko roba mai kauri, ka ɗaura waya a sama tana ɗaukar bidiyo, ka ƙirga daƙiƙoƙi daga baya. In katako ne, a shafe shi da fenti mai hana shan ruwa, domin fitsarin ɓeran da ya gabata yana jan na bayansa, kuma a goge da sinadarin barasa bayan kowane ɗaya.

Ta kuma ba da sakamako mai ma'ana a kan shekaru. Kimberly Badanich da Cheryl Kirstein sun nuna a 2006 cewa ƙaramin awo na hodar iblis, wanda bai motsa manyan ɓeraye ba, ya isa ya sa matasa su zaɓi ɗakin. A 2008 Heather Brenhouse da Susan Andersen sun gano cewa matasan sun fi daɗewa kafin su saki ɗakin bayan an daina ba su, kuma da aka ɗan tuna musu da ƙwayar sun fi manya komawa da ƙarfi. Wannan na biyun ya fi taɓa ni, domin shi ne abin da iyaye ke faɗa: an kai yaro an yi magani, ya dawo unguwa, ya bi ta kwanar da suke zama, shi ke nan.

Rauninta shi ne kai ne ka yi allurar, ɓeran bai roƙa ba. Saboda haka abin da ka auna daɗi ne da tunawa, kuma ba ka da ikon rubuta cewa ɓeran ya kamu. Sannan hanyar ba ta cika bambance awo da awo ba. Sau da yawa matsakaici da babba sakamako ɗaya suke bayarwa. Akwai kuma tarkon da ke kama sababbi: ɓera da ma duhu yake so, idan ka haɗa ƙwayar da ɗakin baƙi ba za ka san ko ita ya bi ko duhun ba. A daidaita hasken ɗakunan tun farko, a kuma raba dabbobin, rabi su sha a wannan, rabi a wancan. Wanda ke ƙirga bidiyon kada ya san rukunin da yake kallo.

Hanya ta uku: auna zirga-zirga

Ka yi wa ɓera allurar amfetamin ka sa shi a fili mai layuka, zai yi ta kai da komo. Ka maimaita kullum na kwana biyar ko bakwai, ka huta mako guda, ka sake ba shi awo iri ɗaya, sai ka ga motsin ya fi na farko. Terry Robinson da Kent Berridge sun gina shahararren ra'ayinsu na 1993 a kan wannan, cewa ƙwaƙwalwa tana ƙara zama mai saurin zabura ga ƙwayar maimakon ta gaji da ita. Babu hanyar da ta kai wannan arha da sauƙi: akwati ɗaya, alli ko fenti, da agogo.

Amma a batun shekaru tana da santsi. Matashin ɓera da ma ya fi babba rawar ƙafa a sabon wuri, kuma bincike da dama sun nuna allurar farko ba ta cika motsa shi kamar babba ba, wasu kuma sun samu akasin haka. Kwanakin hutun nan ma suna cinye tagar, ta yadda allurar ƙarshe za ta same shi ya kusa girma. Idan awon ya yi yawa, ɓeran zai tsaya wuri ɗaya yana kaɗa kai yana shinshina, mai ƙirga layi ya rubuta cewa motsi ya ragu alhali ƙwayar ce ta yi masa yawa. Ni a ganina ƙari ce a kan wata hanyar, ba ta isa ta riƙe kundin digiri ita kaɗai ba.

Hanya ta huɗu: ƙyamar ɗanɗano

Ba a cika tunawa da ita ba, kuma tana amsa rabin tambayar da sauran suka bari. Ƙwaya ba daɗi kaɗai take sa wa ba, tana zuwa da tashin zuciya da faɗuwar gaba. Ka ba ɓera ruwa mai zaƙin sakarin wanda bai taɓa sha ba, ka bi shi da allurar ƙwaya. Idan ya ji jiki, gobe zai guji ruwan. Nicole Schramm-Sapyta ta Jami'ar Duke da abokan aikinta sun nuna cewa matasan ɓeraye ba sa gudun ruwan kamar manya bayan hodar iblis, kuma a nazarin da suka tattara a 2009 sun kai ga cewa matashi yakan fi jin daɗin ƙwaya, ya kuma fi rashin jin ɗacinta. Kayan aikin kwalabe ne masu awo da sikeli. Mako guda ya isa. Haɗarin yana wajen taƙaita ruwan da ake yi don su sha na gwajin: ɗan ɓeran da ke cikin girma ba ya jure ƙishi kamar babba, don haka a auna nauyinsa kullum, a dakatar da duk wanda ya fara ramewa.

| Hanya | Abin da take aunawa | Kwanaki | Kuɗi | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ba kai da kai | Nema, ƙarin sha, komawa | Mako 3 zuwa watanni | Mai yawa ƙwarai | Sai an koyi tiyata | Toshewar tiyo, fita daga taga |
| Ɗaki biyu | Daɗi da tunawa | Kamar 10 | Kaɗan | Mai sauƙi, sai dai kula | Son duhu, warin fitsari |
| Zirga-zirga | Zaburar ƙwaƙwalwa | Mako 2 zuwa 3 | Kaɗan ƙwarai | Mafi sauƙi | Fassarar kuskure |
| Ƙyamar ɗanɗano | Ɗacin ƙwaya | Kamar 7 | Kaɗan ƙwarai | Mai sauƙi | Ƙishi ga ƙanana |

Dabbar fa?

Farin ɓera na jinsin nan mai babban jiki, irin Wistar, shi ya fi dacewa da duk hanyoyin huɗu. Ɗayan jinsin mai ƙaramin jiki ya fi arha da saurin haihuwa, yana kuma yin kyau a ɗaki biyu, amma sa masa tiyo yana ɗan tashe aikin gwanaye ne. Kifin nan mai zane irin na jakin dawa ma an nuna tun 2001 cewa yana zaɓar ɓangaren tankin da ya samu hodar iblis, sai dai iyakar tashen balagarsa ba ta fito fili kamar ta ɓera ba. Biri kuwa balagarsa shekaru take ɗauka, shi ya sa ya fi kama da mu, amma tsadarsa da nauyin amanarsa sun fi ƙarfin aikin ɗalibi. Duk da haka ka karanta abin da aka samu a jikinsa, ka kwatanta da na ɓera. A 2002 Andersen ta nuna ɓerayen da aka ba metilfenidet, maganin da ake ba yara masu rashin natsuwa, tun kafin balaga sun girma suna gudun hodar iblis. Wani binciken na 2001 da ya ba da maganin a tsakiyar tashen balaga ya samu sun fi shanta. A Jami'ar Wake Forest aka ba matasan birai maganin shekara guda, aka wallafa a 2012 cewa bai ƙara musu son hodar ba. Bambancin 'yan kwanaki a jikin ɓera ya juya sakamako gaba ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya taɓa cin mu. Mun sayi ɓeraye a hannun wani mai kiwo da ya ce duk 'yan mako huɗu ne. Da muka ɗora su a sikeli, wani ya ninka wani. Babu takardar haihuwa, nauyi kawai yake kallo ya yi kintace, kuma ɓeran da bai ƙoshi ba zai iya kai mako bakwai da jikin ɗan mako huɗu. Rukunin gaba ɗaya muka ajiye. Tun daga nan nake cewa wanda zai yi aikin shekaru ya haɗa mace da namiji da kansa, cikin kwana 21 zuwa 23 za ta haihu, ya rubuta ranar a jikin keji. Kada kuma a zuba 'ya'yan uwa ɗaya a rukuni ɗaya, a warwatsa su. A sa mata a cikin gwajin, domin an daɗe da sanin cewa matan ɓeraye sukan fi maza saurin kama hodar iblis, kuma suna riga su balaga.

Sai zafi. Tun shekarun 1940 aka san cewa amfetamin ya fi kisa idan dabbobin suna cunkushe kuma ɗakin da zafi. Awon da ka kwafo daga takardar da aka yi a ɗaki mai sanyin digiri 22 zai iya kashe maka dabbobi a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu. Idan ba ka da tabbacin sanyaya ɗakin, ka tsara aikin ya faɗo lokacin hunturu, ka kuma fara da ƙaramin awo. Izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi na jami'arka wajibi ne, haka ma izinin NAFDAC kafin ka mallaki ƙwayar da doka ta killace, kuma takardun sukan ɗauki lokaci, don haka kada ka haɗa ɓeraye aure kafin su fito. Idan izinin ya gagara, sinadarin kafeyin da ke cikin goro da kofi, ko nikotin na taba, su ma masu zaburarwa ne, kuma tambayar shekaru a kansu tana da amfani a wurinmu.

Wa ya dace da wace?

Idan kana digiri na biyu, kuɗin daga aljihunka ne, kuma shekara ɗaya gare ka, ɗauki ɗaki biyu ka haɗa da ƙyamar ɗanɗano a wani rukunin dabbobin. Za ka fito da daɗin da ɗacin duka, a cikin taga, da kayan da za a iya haɗawa a garinku. Bidiyon da ka ɗauka ma zai ba ka lissafin zirga-zirga kyauta.

Idan tambayarka ita ce ko shan ƙuruciya yana barin tabo har girma, tagar ta daina matsa maka: yi alluran tsakanin kwana na 28 da na 42, ka bar su su kai kwana 70 ko fiye, sannan ka gwada da duk hanyar da kake da ita. Kada dai ka manta da rukunin da za a fara ba su suna manya a jira kwanaki iri ɗaya, in ba haka ba ba za ka san ko ƙuruciyar ce ta yi aiki ko ƙwayar kawai ba.

Idan aikin kammala digirin farko ne na wata uku, zirga-zirga da sinadarin kafeyin ta wadatar, matuƙar ka tsaya a kan abin da ka auna.

Idan kuwa kalmar kamuwa kake so ka rubuta a taken aikinka, kana digiri na uku, to babu makawa sai ɓeran ya danna maɓalli da kansa. Nemi haɗin gwiwa da ɗakin binciken da ke da akwatunan, ka yi wata biyu ko uku kana koyon tiyata a jikin manyan ɓeraye, sannan ka taɓa ɗan kwana 25.